Matse Nono Ba Ya Hana Shi Zubewa

Akwai wata magana da na gaji da ji, a gidan suna, a wurin kitso, har a kan bencin asibiti inda mata ke jiran awo. Wai da zarar mace ta samu ciki, to ta nemi rigar nono wadda ta yi mata kaɗan, ta matse ƙirjinta tamau, ta wuni da ita ta kwana da ita har ta yaye, in ba haka ba nono zai zube. Wasu riga biyu suke haɗawa, ɗaya kan ɗaya. Wasu ɗankwali suke tamkewa a ƙirji in za su kwanta. Da can a ɗaka ake raɗa wa amarya wannan shawara, yanzu kuwa ta fito fili. Ki buɗe TikTok ko Instagram, sai ki ci karo da mai talla riƙe da wata 'yar riga mai ƙarfe da soso, tana rantse-rantse cewa duk mai jegon da ta sa ta za ta koma kamar ba ta taɓa haihuwa ba. A ƙasan bidiyon kuma mata ne rututu suna tambayar farashi.

Da abin ya tsaya a asarar kuɗi, da sai mu ce kowa da kiwon da ya karɓe shi. Amma ba nan ya tsaya ba. Akwai matan da wannan shawara ta kwantar da su da kumburarren nono da zazzaɓi mai kaɗa haƙora. Akwai jariran da aka rage wa nono ko aka cire su gaba ɗaya tun ba su fara zama ba, don kawai uwar ta tsorata. Kuma waɗanda abin ya fi shafa su ne masu cikin fari, waɗanda kunya ba ta barin su tambayi nas, sai su tambayi ƙawa, ita ma ƙawar a waya ta gani.

Abin da ake nufi da kayan mai ciki da mai shayarwa ba wani abu ba ne mai wuyar fahimta: tufafin da ke tafiya da jiki yayin da yake sauyawa, ya tallafe ba tare da ya matse ba, ya bar iska ta shiga, ya kuma bar uwa ta ba ɗanta nono ba tare da kokawa ba. Iyakarsa ke nan. Bari mu koma kan ainihin maganar.

Nono ba shi da tsoka a cikinsa. Kitse ne, da ƙulle-ƙullen da ke haɗa ruwan nono, da hanyoyin da ruwan ke bi zuwa kan nono, sai wasu siraran zaruruwa da ke riƙe da shi a jikin ƙirji, sai fata da ta lulluɓe. Waɗannan zaruruwa wani likitan Ingila mai suna Astley Cooper ne ya yi bayaninsu a shekarar 1840, shi ya sa har yau likitoci ke kiran su da sunansa. Tun a watannin farko na ciki, sinadaran jiki ke sa ƙulle-ƙullen nan su yawaita su girma, nono ya cika ya yi nauyi, fata da zaruruwan su miƙe. Wannan miƙewa daga ciki take farawa, kuma tana faruwa tun kafin jariri ya zo duniya, balle ya kama nono. Ko mace ta shayar ko ba ta shayar ba, cikin ya riga ya yi aikinsa. To ina rigar da za ta hana abin da ke girma daga ciki girma?

Masana ma sun bincika. A shekarar 2008 wani likitan gyaran jiki na Jami'ar Kentucky a Amurka, Brian Rinker, shi da abokan aikinsa sun fitar da sakamakon nazarin da suka yi kan matan da suka zo neman a gyara musu nono. Suka duba me ya haɗa waɗanda nonon nasu ya fi kwanciya. Abin da suka samu shi ne yawan shekaru, da yawan cikin da mace ta ɗauka, da ƙiba, da girman nono tun kafin ciki, da shan taba. Shayarwa ba ta cikin jerin. A lura da kyau, matan nan ba zuwa suka yi don a ba su shawarar shayarwa ba, kuma likitan ba mai tallan nonon uwa ba ne, sana'arsa ma gyaran nono ce. Amma abin da ya gani ke nan.

Ko ba a je Amurka ba, mu duba cikin danginmu. Kowa ta san wata Inna ko Gwaggo da ta haifi 8 ko 9, ta shayar da kowanne kusan shekara biyu, jikinta kuma daidai gwargwado. Kowa kuma ta san wadda Allah bai ba ta haihuwa ba, amma shekaru sun yi nasu aikin a jikinta kamar kowa. Halitta daban-daban ce, gado ma yana ciki. Babu wata hujja da ta nuna rigar nono, kowace iri ce, tana hana nono kwanciya. Amfanin riga mai kyau shi ne ta ɗauke wa kafaɗa da baya nauyi, ta rage ciwo lokacin tafiya da aiki, mace ta ji daɗin jikinta. Wannan amfani ne babba, amma ba shi ne abin da masu talla ke sayarwa ba.

Yanzu ga abin da matsewar take yi. Kwana 2 zuwa 4 bayan haihuwa, bayan dakashin nan da ke fara fitowa, ruwan nono yake saukowa sosai. Nono ya yi tauri, ya yi ɗumi, wani har hammata. Hanyoyin ruwan nono sirara ne masu taushi, kuma wasunsu suna nan kusa da fata. Duk inda ƙarfen riga ko bakin kofi ko kullin ɗankwali ya danne, to wurin kamar tiyo ne da aka taka, ruwa na ta taruwa a baya ba hanyar wucewa. Da farko za ki ji ɗan ƙullutu mai zafi. In aka ci gaba da dannewa, wurin ya yi ja, ya kumbura, zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi su biyo baya, har mace ta zaci maleriya ce ta sayi magani a kemis. In ƙwayoyin cuta suka samu shiga, musamman ta kan nono da ya tsage, sai ya tara mugunya, a ƙarshe sai an tsaga ko an zuƙe da allura. Wadda ta gudu daga zubewar nono sai ga ta da tabon da zai zauna mata har abada. Wannan ciwo ya fi yawa ne a makonnin farko na jego, daidai lokacin da ake cewa a ƙara tamkewa.

Sai kuma ɗan da ke hannu. Jiki yana haɗa ruwan nono ne gwargwadon yadda ake zuƙe shi. Nonon da aka danne, ruwa ya kwana a ciki bai fita ba, saƙon da yake aika wa jiki shi ne a rage. Bayan mako biyu ko uku sai uwar ta fara cewa nonona ba ya isar sa, sai kuka yake. Daga nan sai a kawo ruwa, a kawo koko, mai hali ya sayo madarar gwangwani, wadda kowa ya san farashinta a yau, a riƙa tsinka ta don gwangwani ya kai ƙarshen wata. Sai gudawa, sai rama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a sa jariri a nono cikin sa'a ɗaya da haihuwa, a ba shi nono zalla har wata 6, a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2 ko fiye. Tun kafin ita, aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa. Amma binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kacal na jarirai 'yan ƙasa da wata 6 ke samun nono zalla. Dalilan suna da yawa, amma a ce a cikinsu har da tsoron zubewar nono, wannan abin kunya ne gare mu duka.

Na ce gare mu duka don ba mata kaɗai ke da laifi ba. Mu faɗi gaskiya, me mace ke tsoro? Ba madubi take tsoro ba, kishiya take tsoro, da baƙar maganar da za a yaɓa mata. Namijin da zai dubi matar da ta ɗauki cikinsa wata tara, ta sha naƙuda, tana kwana zaune da ɗansa, ya ce mata ta tsufa ko ta zube, to ya sani da bakinsa aka ɗaura wannan ɗankwali. Haka ma ƙawayen da ke zuwa barka su ƙare wa mai jego kallo su ce, "Ke kam ki tashi tsaye, kin ga yadda kika koma kuwa?" Mace ko arba'in ba ta yi ba, jini ma bai ɗauke ba, an fara tsorata ta. A ji tsoron Allah.

Lokacin yaye ma haka ake matse ƙirji. A kai yaro gidan kaka rana ɗaya, uwa ta ɗaure ƙirji da zani wai don ruwa ya kafe. Ɗaurin ba ya sa ya kafe da wuri, zafi kawai yake ƙarawa, ga haɗarin toshewa. Abin da ya fi shi ne a janye a hankali, a rage shayarwa ɗaya bayan 'yan kwanaki, in nono ya cika ya dame ki ki ɗan tatse kaɗan ki samu sauƙi, ki sa riga mai tallafewa ba mai matsewa ba. Su kuma mayukan da ake cewa suna tayar da nono, da garin da ake damawa a sha, babu mai mayar da zaren da ya miƙe, kuma abin da kika shafa a nono bakin jariri zai shiga. A ɗaya ɓangaren akwai masu cewa rigar nono na jawo ciwon daji. Wani bincike da aka yi a birnin Siyatil na Amurka a 2014 bai samu wata alaƙa tsakaninsu ba. Kada a gudu daga wata ƙarya a faɗa wata.

Ɗaure ciki ma ɗan uwan ɗaure ƙirji ne. Mai cikin fari kan tamke zani don kunya kada a gane, mai jego kuma ta sayi bel mai ƙugiyoyi don tumbi ya koma. Matse ciki yana ƙara ƙwannafi, yana takura numfashi, wani lokacin ya danne jijiya cinya ta riƙa dindiris ko zafi. Mahaifa kuwa da kanta take komawa cikin mako 6, kuma shayarwa ce ke taimaka mata, shi ne ciwon marar nan da mai jego ke ji in jariri ya kama nono. Bel ba ya narkar da kitse. Wanda likita kan ba wadda aka yi wa tiyata don ta samu sauƙin motsi daban ne, mai taushi ne, kuma shi ma ba a tamke shi.

To wace irin rigar nono za a saya, kuma yaya za a gane ta yi daidai?

Abu na farko, ki daina sayen riga da ido. A kasuwa za ki ga mai kaya ya ɗaga riga ya dube ki daga nesa ya ce, "Hajiya wannan ce daidai ke, in ma ta kama ai za ta saki." Ke kuma kunya ta hana ki musu, ki karɓa ki cusa a jaka. Ba haka ake yi ba. Ki ari tef ɗin tela, ki auna a gida. Awo biyu ne: zagayen ƙirji daidai ƙarƙashin nono, sannan zagaye ta inda nono ya fi cika. Lambar da ke jikin riga, 34 ko 36 ko 38, ta zagayen ƙirji ce. Harafin kuma, A ko B ko C ko D, na girman kofi ne, kuma kusan kowane inci ɗaya na bambancin awo biyun harafi ɗaya ne. Wadda ta samu 36 a ƙasa da 39 a sama, sai ta fara gwada 36C. Kayan da suka fito daga ƙasashen Turai sau da yawa da santimita suke, 75 ita ce 34, 80 ita ce 36, 85 ita ce 38. Ki rubuta a takarda ki miƙa wa mai kaya, ba sai kin yi dogon bayani ba. Amma ki sani awo jagora ne kawai, don kamfani ya bambanta da kamfani. Ki roƙi a yarda ki dawo da ita in ba ta yi ba, ko ki nemi matan da ke sayarwa a gida inda za ki gwada a natse.

Kada ki manta ba nono kaɗai ke girma ba. Haƙarƙari ma yana buɗewa yayin da ciki ke turowa sama, zagayen ƙirji kan ƙaru da santimita 5 zuwa 7. Shi ya sa rigar lefe da ta yi miki ɗas a watan amarci, a wata na 5 za ki ji tana yanka ki. Ki sake awo a wajen wata na 3 ko na 4, ki kuma sakewa a wata na 8. Wadda za ki saya a farkon ciki, ki zaɓi wadda ta yi miki daidai a ƙugiyar da ta fi matsewa, don ki riƙa sassautawa yayin da kike buɗewa. Wadda kuwa za ki saya a wata na 8 don jego, ki zaɓi wadda ta yi daidai a ƙugiyar ƙarshe mai sako-sako, don bayan haihuwa haƙarƙari zai koma sai ki riƙa matsowa, kofin kuma ya kasance da ɗan sarari saboda saukar ruwa. Mai layin ƙugiya 4 ko fiye ta fi daɗewa tana amfani.

In kin sa, ki tsaya ki duba. Maɗaurin da ya zagaye ƙirji shi ke ɗaukar mafi yawan nauyi, ba igiyar kafaɗa ba. Ya zauna a miƙe, bayansa kada ya haye sama. Ki zura yatsu biyu a ƙarƙashinsa, in sun ƙi shiga ta matse, in hannu duka ya shige ta yi yawa. Nono ya shige kofi gaba ɗaya, kada ya tumbatso ta sama ko ta gefen hammata. Igiyar kafaɗa ta zama mai faɗi. Ki ɗaga hannu sama, ki sunkuya kamar za ki yi shara, ki zauna ki ja dogon numfashi. Da dare in kin cire, ki duba jikinki: in kin ga jan layi ya kwanta a fata, ko rami a kafaɗa, to rigar ta yi kaɗan, komai tsadarta, komai kyanta.

Mai ƙarfe a ƙasa ki ajiye ta har sai shayarwa ta daidaita, don girman nonon mai jego yana sauyawa ko a wuni ɗaya, kafin jariri ya sha daban, bayan ya sha daban, ƙarfe kuwa ba ya sauyawa. Mai kaurin soso da ake wa laƙabi da a-cuci-maza ita ma ki ɗaga mata ƙafa. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke kai maki 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, soso yana shanye gumi da ruwan nono ya riƙe, ƙasan nono ya saɓule ya yi ja, ƙaiƙayi da wari su biyo. Auduga ita ce gaba, ko yadi mai taushi mai ɗan miƙewa. Akwai wadda aka yi musamman don shayarwa, mai maɓalli a kafaɗa da ake buɗe kofin ya sauko. Kafin ki biya, ki gwada buɗe maɓallin da hannu ɗaya, don ɗaya hannun jariri ne a kai. In ba ki samu irinta ba, ki nemi mai taushi marar ƙarfe wadda za ki iya saukar da kofinta ƙasa. Abin da ba a so shi ne ki tura riga sama ta tokare saman nono duk tsawon lokacin da yaro ke sha, nan ma hanya kike dannewa.

Da dare ba dole ba ne ki kwana da rigar nono. Wadda ke yoyo ko nauyi ke damun ta, ta sa mai laushi sosai. Ga mai yoyo, akwai ƙyallen da ake sawa a cikin kofi, na kanti da na gida. Ki yanka tsohon zanin auduga da ya sha wanki, ki ninka, ya wadatar. Sharaɗin ɗaya ne, da ya jiƙe ki sauya. Kada ki sa leda a ciki don kare kwalliya, danshi ne kike kullewa a kan nono, kuma ciwon da ya kama nan yana iya komawa bakin jariri.

Ba sai kin tara goma ba. Uku sun isa: ɗaya a jiki, ɗaya a igiya, ɗaya a ajiye. Gwanjo ba abin kunya ba ne, mata da yawa a kasuwar Ƙofar Wambai da makamantanta suke samun masu ƙwari, amma ki ja robar ki gani ko ta mutu, ki duba ƙugiya ko ta yi tsatsa, ki wanke da sabulu sosai ki shanya a rana kafin ta taɓa jikinki. Kamfai kam a daure a sayi sabo. Sannan wannan ɗabi'a ta shanya kayan ciki a bayan ƙyaure ko a kan ƙusar banɗaki saboda kunya, a sa su da sauran laima, ita ma a bar ta. A samu lungun da rana ke bugawa, in ma kunya ce a yafa siririn mayafi a kai.

Kamfan mai ciki ya zama na auduga, mai faɗi, wanda ko dai ya zauna a ƙasan ciki ko ya haye ya rufe shi duka, ba wanda robarsa ke raba ciki biyu ba. Mai ciki ta fi saurin kamuwa da ƙaiƙayin gaba, kuma nailan da matsattsen wando suna riƙe ɗumi da danshin da ciwon ke so. A jakar haihuwa ki sa manya masu duhun launi da za su riƙe audugar mata, don jinin biƙi kan kai mako 6. Wadda aka yi wa tiyata ta nemi mai dogon ƙugu da zai wuce saman ɗinkin, kada roba ta riƙa goga wurin. Fatari da siket a sa musu zariya maimakon roba mai ƙarfi. Zani kuma a ɗaura shi yadda hannu zai shiga.

Sai ɗinki, inda teloli ke da nasu kason. Ki je gidan suna ki gani. Mai jego ta sha leshi, doguwar riga ta kama ta tun daga ƙirji har gwiwa, zif a baya tun daga wuya. Jaririya ta fara kuka, ana ta jijjiga ta daga hannu zuwa hannu, ana cewa a bari a gama hoto. Da kukan ya yi yawa sai uwar ta tashi da ƙyar ta shige uwar ɗaka, a kira ƙanwarta ta zuge mata zif, a zame rigar har ƙugu, sannan yarinya ta samu abincinta. Kafin magariba nono ya yi tauri, gaban rigar ya jiƙe. Kwana bakwai da haihuwa fa! In kin ce wa tela ya sassauta sai ya ce, "Anti, in ban kama ba ɗinkin ba zai fito ba." Ki ce masa kin ji kin gani. Kuɗinki ne, jikinki ne. A sa zif a gaba, ko ɓoyayyen zif biyu a ƙarƙashin tattara ta gefe da gefe, ko maɓallai. A bar yadi a cikin ɗinki don a buɗe ko a rage daga baya. Kuma kada a yi awon kayan fitar suna tun ciki na wata 6. Buba da zani da iyayenmu suka saba ba a banza suka daɗe ba, ɗagawa ɗaya yaro ya samu. Riga da siket sun fi doguwar riga sauƙi ga mai shayarwa, in kuma doguwar ce ko abaya, ta zama mai buɗewa ta gaba. Mu da muke da hijabi da mayafi ma an hutar da mu, sutura ce a mota da asibiti da gidan biki, sai dai a zaɓi marar kauri, a kuma bar wa jariri hanyar iska, a riƙa leƙa fuskarsa.

Takalmi a sa marar tsini mai faɗi, don ƙafa kan kumbura har ta ƙara girma. Zobe da awarwaro a cire tun suna fita.

Akwai kuma inda sauya tufafi ba ya magani. In fuska da hannuwa suka kumbura farat ɗaya, ga ciwon kai ko gani dishi-dishi, wannan ba maganar takalmi ba ce, alamar hawan jinin masu ciki ce mai kai wa ga jijjiga, a tafi asibiti a ranar. In nono ya yi ƙullutu ya yi ja, ki cire duk abin da ke matse shi, ki ci gaba da ba yaro kamar yadda kika saba, don ruwan bai lalace ba. Ki ɗora ƙyalle mai sanyi tsakanin shayarwa. Kada a bari mai wankan jego ta murje wurin da ƙarfi, murza tana ƙara kumburi. In zazzaɓi ya shigo, ko kwana ɗaya ya wuce ba sauƙi, a nemi likita. Ƙullutun da ya ƙi ɓacewa kuwa, ko ba zafi, dole a duba shi.

Magidanta, kuna sayen rago da atamfa da leshi na fitar suna, madalla. Kuɗin rigar nono uku masu kyau da kamfai na auduga bai kai kuɗin turmi ɗaya na atamfa mai tsada ba, amma shi ne ba ya shiga lissafi, ita kuma tana jin nauyin tambaya. Ku ba ta ba sai ta roƙa ba, ku kuma kiyaye harshenku a kan jikinta. Iyaye da surukai masu haɗa kayan jego, ku sa waɗannan a ciki, ku tambayi lambarta ta yanzu ba ta lokacin lefe ba. Masu awo a asibiti, in kun gama maganar abinci da gidan sauro, ku ƙara minti biyu a kan wannan, don yarinyar da ke zaune a ƙarshen benci ba za ta taɓa ɗaga hannu ta tambaya ba. Masu talla kuma ku sayar da kayanku da gaskiya, riga ce, ba magani ba ce, kuma duk jaririn da ya rasa nono saboda ƙaryarku akwai hakkinsa a kanku.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya ba masu jego lafiyar shayarwa, ya raya mana zuri'a.